Jinin da Ya Ɗauke Bayan Wankin Ciki: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Cikar Shekara



Uwar ƙungiya, ma'aji, iyayenmu mata, 'yan'uwa na Bodinga da na Shagari, da waɗanda suka yi sammako daga Sifawa da Danchadi da Kajiji da Dandin Mahe, sannunku da zuwa. Allah Ya saka da alheri, Ya mai da kowa gida lafiya. Kun ji lissafin shekara daga bakin ma'aji, kun ji maganar injin niƙa da ta rancen taki. Mu 'yan kwamitin lafiya an ba mu ɗan lokaci kafin a raba abinci, kuma mun zaɓi magana guda ɗaya tak. Magana ce mai nauyin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a buga ta a takardar ƙungiya, don haka wadda ta ga ba za ta iya maimaita wa maigida da bakinta ba, sai ta miƙa masa takardar ya karanta da kansa.

Akwai wata 'yar'uwarmu a cikin wannan taro. Ta ba mu izinin ba da labarinta, da sharaɗin ba za mu kama suna ko gari ba, ku ma don Allah kada ku shiga waige-waige. Tana da 'ya'ya biyu. Damina biyu da suka wuce ta yi ɓarin cikin wata uku, jini ya ɓalle cikin dare, aka kai ta asibiti aka yi mata wankin ciki. Bayan mako guda jinin bai tsaya ba, ga zazzaɓi, ga wari, aka mai da ita aka sake wankewa. Ta warke, ta koma kan sana'arta ta ƙuli-ƙuli. Wata na farko al'ada ta zo ɗigo-ɗigo, kwana ɗaya ta ɗauke. Wata na biyu ko ɗigon babu. Amma duk lokacin da ya kamata ta gani, sai mara ta murɗe ta kwana biyu ko uku kamar za ta fita hayyacinta.

Mi aka ce mata? Abin da da yawa cikinmu za mu ce: ciki ne ya kwanta. Shekara ɗaya da rabi tana neman maganin tayar da cikin da babu shi. Ta sha saƙe-saƙi, ta yi hayaƙi, ta yi matsi, ta sai da akuya biyu, ta ɗauki kwasar adashinta ta zuba a ciki. Dangin miji suka fara magana a fakaice, daga baya suka daina fakaicewa. Ranar da ta zo wurinmu, an riga an yi magana da wanzami zai zo ya yi mata yankan gishiri ranar kasuwa mai zuwa. Allah ne Ya kiyaye.

Bari mu tsaya kan gishirin nan kaɗan, don har yanzu ana yin sa a ƙauyukanmu. Yankan da ake yi da aska a gaban mace ba ya kaiwa inda matsalar take, ko kusa. Abin da yake kaiwa shi ne mafitsara, kuma yana cikin abubuwan da ke jefa mata cikin yoyon fitsari. Duk wadda ta taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato ba sai an yi mata dogon bayani ba.

To mi ke damun 'yar'uwar tamu? Tabo ne a cikin mahaifa. Likitoci suna kiransa ciwon Ashaman, da sunan wani likitan mata, Joseph Asherman, wanda ya yi rubutu a kansa a 1948, ko da yake wani likita Bajamushe, Heinrich Fritsch, ya riga shi bayyana shi tun 1894. Mu dai mu ce mannewar mahaifa, ya fi sauƙin riƙewa.

Ku haɗa tafukan hannunku biyu. Yawwa, haka mahaifar da ba ta da ciki take: bangon gaba da bangon baya suna kwance a jikin juna, tsawonta duka bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba. Abin da ya hana su mannewa shi ne shimfiɗar da ke ciki, kuma shimfiɗar hawa biyu ce. Ta sama ita ce ke zubewa duk wata, ita ce jinin al'ada. Ta ƙasa ba ta zubewa, ita ce saiwar da ta sama ke sake tsirowa daga gare ta. Duk wadda ta taɓa yankar wa awaki ciyawa ta san bambancin. In ka yanke da lauje, ruwa ɗaya ya ishe ta ta dawo. In ka sa fartanya ka kankare har saiwa, wurin ya zama faƙo. Idan aka kankare bangon gaba da na baya har saiwa, ciwo ya fuskanci ciwo, to wurin warkewa sai su haɗe, kamar yatsun yaron da wuta ta ƙona aka naɗe su tare. Wani lokaci zare-zare ne siriri a lungu ɗaya. Wani lokaci bakin mahaifar ne ya liƙe, jini yana taruwa a sama babu hanyar fita, shi ne murɗar maran da 'yar'uwarmu take ji. Wani lokaci kuma ɗakin ne duka ya shafe.

Mafi yawan masu wannan ciwo, kusan 9 cikin 10 a wani babban lissafi da likitoci suka tattara a 1982, sun same shi ne bayan an kankare mahaifa a kan ciki: bayan ɓari, ko bayan haihuwa idan guntun mabiyiya ya maƙale, ko bayan zubar da ciki a hannun wanda bai san aikin ba. Dalili kuwa, mahaifar mai jego da ta mai ɓari laushi gare ta, ƙarfe yana wuce gona da iri ba tare da mai aikin ya ji ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne mako na biyu zuwa na huɗu bayan haihuwa. Ƙwayar cuta in ta shiga tana ƙara dagula wurin, haka kuma yawan maimaita wankin: na biyu ya fi na farko haɗari, na uku ya fi na biyu. Wani binciken da aka tattara a 2014 ya nuna cewa cikin matan da aka leƙa mahaifarsu bayan ɓari, kusan 1 cikin 5 tana da ɗan tabo, amma fiye da rabinsu tabon ƙarami ne. Sauran dalilan su ne tiyatar haihuwa, da tiyatar cire ƙari daga mahaifa, da ciwon tibi. E, tibi ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba, yana sauka mahaifa, kuma tabonsa yana cikin mafi wuyar gyara. Shi ya sa yarinyar da ba ta taɓa ciki ba ma tana iya samunsa.

Nan fa muke son ku buɗe kunne, don muna tsoron a fita daga nan a ce kwamitin lafiya ya ce kada a yarda da wankin ciki. Wallahi ba mu faɗa ba. Mace ta yi ɓari, jini na zuba, guntu ya rage a ciki, in ba a fitar da shi ba jini ko ruɓa suna iya kashe ta cikin 'yan kwanaki. Wankin da aka yi wa 'yar'uwarmu shi ya ceci ranta, da ba a yi ba da yau ba ta cikinmu. Tabo yana da magani, kabari ba shi da shi. Abin da muke so ku sani shi ne wankin iri-iri ne. Akwai na ƙarfe mai kankara, tsohon yayi. Akwai na roba mai zuƙa, kamar babban sirinji, wanda ma'aikatan asibiti ke kira MVA. Akwai kuma ƙwayar magani da ake bayarwa idan cikin ƙarami ne kuma jinin bai tsananta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar a bar na ƙarfen a koma na zuƙa ko na ƙwaya, saboda sun fi sauƙi ga mahaifa. Ba rashin kunya ba ne 'yar rakiya ta tambaya cikin ladabi: Malama, wane iri za a yi mata? Kuma a je da wuri. Matar da aka ajiye a ɗaki kwana huɗu ana ba ta jiƙo har ciki ya fara wari, ita ce wadda wankin ya fi yi wa illa.

Kuma ba duk ɗaukewar al'ada ce tabo ba, kada kowa ta tsorata. Mai shayarwa tana iya yin shekara ko fiye ba ta gani ba, lafiyarta ƙalau. Allurar tazarar haihuwa da ashanar hannu suna ɗauke jini ko su rikita shi. Rama da yunwa suna yi. Shekaru suna yi. Akwai kuma wadda ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, ga kasala ba iyaka. Wannan matsalar a wata 'yar halitta take can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, magani ne nata daban. Wadda muke nema ita ce wadda al'adarta ke tafiya daidai, aka yi mata wankin ciki ko wani aiki a mahaifa, daga nan jinin ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, ko ta daina samun ciki, ko ciki ya riƙa shiga yana zubewa. In an kai wata uku a haka, kuma an gwada fitsari babu ciki, a tafi asibiti.

Maganar kwanciyar ciki kuwa, mun san tana da wurinta a littattafan fiƙihu, kuma hukuncin idda da na nasaba na malamai ne, ba mu sa baki. Iyakar tamu ita ce: yau akwai gwajin fitsari, akwai sikanin. In da ɗa a ciki na'ura za ta nuna shi. In ta nuna babu, kada a bar mace tana jiran abin da ba ya nan shekara da shekaru, lokacin haihuwarta yana wucewa.

Hanyar ita ce a fara daga asibitin da ke kusa, a karɓi takardar turawa zuwa wurin likitocin mata a Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Su za su duba, su kuma faɗi inda za a yi aikin in ya kama. Ku riƙe wannan: sikanin na yau da kullum, wanda ake shafa mai a mara, sau da yawa ba ya nuna tabon. 'Yar'uwarmu ta yi shi har sau uku ana ce mata komai lafiya. Wanda ya fara nunawa shi ne hoton da ake tura wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauka da na'urar hoton ƙashi, suna ce masa HSG. Duk inda ruwan ya kasa shiga sai ya fito a hoton kamar an ɓalle wurin, kuma hoton nan yana nuna ko bututun ƙwai a buɗe suke. Yana da ɗan zafi, kamar ciwon mara mai ƙarfi, amma na mintoci ne, kuma bayan gama al'ada ake yinsa ga mai gani. In maganar rashin haihuwa ce ta kai ku, maigida ma akwai nasa gwajin, mai sauƙi da araha. Mun faɗa ne saboda an saba ɗora wa mace komai, alhali sau da yawa matsalar daga ɓangaren namiji take ko daga su biyun.

Yanzu ga aikin kansa. Da jin tiyata sai gabanmu ya faɗi, mu hango an tsaga ciki an ɗinke. Wannan ba a tsaga ko'ina. Wata na'ura ce siririya, kaurinta bai kai na biro ba, da fitila da kyamara a bakinta, sunanta histiroskof, mu ce madubin mahaifa. Ta hanyar da jinin al'ada ke fita ake shigar da ita. Ana tura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa don ya buɗa bangon biyu, sai cikin mahaifar ya fito a allon talabijin, likita yana kallon tabon ƙuru-ƙuru. Ta jikin na'urar ake zura wani ɗan almakashi ƙarami ƙwarai, a bi zaren tabon ana yankewa ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya koma siffarsa, a hango ƙofofin bututun ƙwai biyu. Ana yin allurar barci ko ta kashe rabin jiki. In tabon kaɗan ne ba ya ɗaukar awa guda, kuma yawanci a ranar ko washegari ake sallama.

Kafin na'urar nan ta yaɗu, da ƙarfe ake shiga a fasa tabon da lalube, kuma har yanzu akwai inda ake yin haka saboda rashin kayan aiki. Wasu sun dace da shi, ba mu musa ba. Amma mai tsintar tsakuwa a shinkafa da rana da mai tsinta cikin duhu ba ɗaya ba ne. A lalube ana iya barin tabon a ji wa lafiyayyen wuri ciwo, ana iya huda mahaifar. Ra'ayinmu, in da hali, a nemi inda ake yi da gani ko da ya fi nisa da tsada. Shi ma na ganin ba a ce ba shi da haɗari ba: ana iya huda, ana iya zubar da jini, ƙwayar cuta tana iya shiga. Sai dai a hannun wanda ya ƙware abin da wuya ya faru.

Yanke tabon rabin aiki ne. An sake samun ciwo yana fuskantar ciwo, in aka bar su haka za su koma su manne. Don haka ake sa wani abu a tsakani. Wasu likitoci suna sa 'yar robar fitsari ta yara, a hura bakinta da ruwa ta zama kamar balan-balan a cikin mahaifa, ta yi mako ɗaya zuwa kwana 10. Wasu suna sa robar mahaifa irin ta tazarar haihuwa ta yi wata biyu ko uku. A 2003 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin sun kwatanta hanyoyin biyu a kan matan ƙasar nan. Cikin masu balan-balan, kusan 8 cikin 10 al'adarsu ta dawo daidai. Cikin masu ɗaya robar, kusan 6 cikin 10. Waɗanda suka sami ciki kuwa, ko a ɓangaren da ya fi dacewa, wajen kashi ɗaya ne cikin uku. Mun kawo wannan lissafin ne don kada mu yi muku alƙawarin da ba namu ba. Dawowar jini ta fi samun ciki sauƙi. Mai ɗan tabo tana da kyakkyawan fata ƙwarai. Wadda ɗakin ya shafe duka, ko tibi ya cinye saiwar, ana iya yi mata aikin sau biyu ko uku, kuma wani lokaci shimfiɗar ba ta dawowa. Haihuwa ta Allah ce, mu namu neman magani inda yake.

Bayan robar akwai ƙwayoyin sinadarin mata da ake sha wata ɗaya ko biyu don shimfiɗar ta yi saurin tsirowa ta rufe ciwon. A nan ne mu mata muke yin sakaci. Da an ga jini ya dawo sai a ce an warke, a watsar da magani, ranar komawa asibiti ta zo a ce babu kuɗin mota, ko ana biki a gidan Gwaggo. Komawar nan ita ce ake sake leƙawa, in sabon zare ya fara fitowa a tsinke shi tun yana da laushi. Kuma likita zai faɗi tsawon lokacin da za a ƙaurace wa shimfiɗa. Wannan layin na masu gida ne, ku ja masa layi a takardar.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi tayar mana da hankali. Yawancinmu a gida muke haihuwa, ungozoma na gefe, kuma sau da yawa Allah Yana kawo sauƙi. Matar da aka yi wa aikin tabo, in Allah Ya ba ta ciki, ba ta cikin wannan sahun. A wurin da shimfiɗa ta yi siriri, mabiyiya tana iya kafewa ta shige cikin naman mahaifa. Ɗa ya fito lafiya, mabiyiya ta ƙi faɗowa, a ja cibiya, a sa mata muciya a baki ta yi kakari, jini ya ɓalle irin wanda ba a tsayar da shi sai a ɗakin tiyata da ledojin jini a ajiye. Daga Dandin Mahe ko Kajiji zuwa Sakkwato da tsakar dare, ana neman mota, kun san abin da muke nufi. Don haka irin wannan mace ta fara awo da wuri, ta faɗa wa ma'aikata aikin da aka yi mata tun ranar farko, ta adana takardunta a leda, in wata ya kama ta koma kusa da babban asibiti, a kuma tanadi 'yan'uwan da za su ba da jini.

'Yar'uwarmu an yi mata aikin bayan Babbar Sallah. An sa mata balan-balan, ta sha ƙwayoyinta ba fashi, ta koma an sake leƙawa. Wata huɗu ke nan a jere tana ganin al'adarta kwana huɗu cur, ciwon mara ya tafi. Ciki bai zo ba tukuna, ku sa ta a addu'a. Maigidanta, Allah Ya ba shi lada, tun ranar da likita ya nuna masa hoton ya ga wurin da ya manne da idonsa, shi ya riƙa kai ta da kansa, shi ya kuma tsawata wa masu magana.

Da ta zauna ta yi lissafi, abin da ta kashe a shekara ɗaya da rabi wurin masu magani ya kusa kai abin da ta kashe a asibiti. Bambancin, na farko ya fita kaɗan-kaɗan ba ta ji ba, na biyu kuwa a dunƙule ake nemansa: kuɗin hoto, kuɗin aiki, magani, mota zuwa da dawowa, abincin 'yar rakiya. Da ƙyar aka haɗa, sai da mata shida suka yarda aka ba ta kwasar adashin da ba nata ba.

Ga roƙonmu. Muna da rancen taki, muna da rancen jari, ba mu da rancen lafiya. Muna neman taro ya amince a buɗe asusu daban, a ƙara ɗan wani abu kan zubin wata, ku za ku yanke nawa, a riƙa ba da shi rance ba ruwa ga 'yar ƙungiyar da likita ya rubuta wa gwaji ko aiki irin wannan. Takardar asibiti ita ce shaida, kuma mutum biyu kaɗai za su gan ta, ma'aji da ɗaya daga cikinmu, don asirin mace ya zauna a rufe. Na biyu, muna son mace ɗaya daga ɓangaren Bodinga, ɗaya daga ɓangaren Shagari, wadda ta san kan asibitocin Sakkwato, ta zama 'yar rakiya, a biya mata kuɗin mota daga asusun. Uwar ƙungiya ta ce za a ɗaga hannu kan duka biyun bayan sallar la'asar, don haka kada a watse da an ci abinci.

Wadda take da tambayar da ba ta son yi a bainar jama'a, muna nan ɗakin ajiyar hatsi na baya har magariba, a shigo ɗaya-ɗaya. In akwai tsohuwar takardar asibiti ko hoton sikanin a jaka, a zo da shi.